Wa Zai Soke Ƙuri'ar Kaka Dulcie?

An baza a garin Ballarat wai Kaka Dulcie ta share ɗakin baya, ta yi shimfiɗa, don Sarauniyar Ingila ta samu wurin kwana idan Ostireliya ta sallame ta. Ƙarya ce. Jikanta Declan ne ya ƙirƙira. Ɗakin na mijinta Fintan ne, wanda ya rasu a sanyin Agusta, wata uku kafin ƙuri'ar raba gardamar da ya shekara hamsin yana jira: a ce 'I' a zama jamhuriya, ko a ce 'A'a' a ci gaba da sarauta.

Ranar Asabar Declan ya zo kai ta makarantar da ake zaɓe. Shi kuwa ranar zai fara jefa ƙuri'a a rayuwarsa.

"...Lafiya lau. Amarya, wannan hular fa? Fada za ki?"

"Miji ba gemu, ba sisi. Buɗe min mota."

"An ce kullum sai kin gaida hoton Sarauniya kafin ki sha shayi. Ta taɓa amsawa?"

"Ta fi ka ladabi, ba ta katse ni."

"Matar da ke can bayan duniya! In gidanki ya kama da wuta, sai toka ta huce kafin ta ji."

"Yayana ya tafi yaƙi da rantsuwar biyayya ga gidan sarautarsu a bakinsa, bai dawo ba. Ni ba zan warware masa ita ba."

Declan ya ci gaba da tuƙi har suka tsaya a ƙofar makaranta, inda hayaƙin naman da ake gasawa ana sayar wa masu zaɓe ya cika layi. Kaka ba ta fita ba.

"Shekara arba'in da bakwai," in ji ta, "duk zaɓe kakanka ya jefa nasa, ni in jefa akasinsa. Mu fito mun soke juna, ya sai min nama a burodi, mu yi faɗa har gida. Yau ba kowa."

Declan ya dafa hannunta.

"To share hawaye, tsohuwa. Ni ma 'A'a' zan rubuta. Ƙuri'a biyu ga uwar ɗakinki, ta ba ni sarautar tsibirin Tasmaniya."

Kaka ta juyo kamar ya zage ta. "Abin da ke ranka ke nan?"

"A raina dai... ina son shugaban ƙasarmu ya zama ɗan nan."

"Shi ne za ka yi min ƙarya don tausayi? Kakanka ko yana zazzaɓi bai taɓa ba ni ƙuri'arsa sadaka ba."

Ta buɗe jaka ta zaro guntun fensir, duk shatin haƙori a jikinsa. Da shi Fintan yake zaɓe, don bai yarda da fensirin gwamnati ba.

"Ungo. Shiga ka rubuta 'I', ka soke ni."

Declan ya yi dariya, idonsa ya cika. "Na sallama, amarya. Naman fa?"

"Kai za ka saya, ragon miji. Kuma ka tanadi baki, faɗan har gida ne."