Hoton da Farfesa Kaifi Bai Goge Ba

Duk garin nan ba a taɓa yin mai hoto irin Farfesa Kaifi ba, Allah ya jiƙansa. Shi ya naɗa wa kansa farfesancin, kuma babu wanda ya isa ya ƙwace. Sauran masu hoto dannawa kawai suke yi. Shi kuwa sai ya shiga saitin kyamara, ya murɗa kaifin hoto har ƙurya, sannan ya yi tsaki don masu ƙera ta ba su ƙara lamba ba.

"Hoton da ba a ƙirga gashin hancin mutum a ciki ba, ai zanen yara ne," in ji shi.

Ya ɗauki wata tsohuwa, fuskarta ta fito kamar busasshen tafki, jikokinta suka ruga da kuka. Ya ɗauki 'yan ƙwallo da kofinsu, ya hana su numfashi har mai tsaron gida ya sume. Kyanwarsa ma sai da ya goge hotunanta ɗari, wai gashin bakinta ya motsa. Kuma bai taɓa barin kowa ya ɗauke shi ba.

"Wa ya ƙware da zai ɗauki wannan fuskar?"

Bayan rasuwarsa, matarsa ta kira tela, amininsa na shekara talatin.

"Yaya, 'yar autarmu shekararta biyu. In ta tambayi kamannin ubanta, me zan nuna mata?"

Tela ya zauna gaban kwamfutar mamacin, ya shiga dubawa. Hoto dubu goma. Ga bulo, ga kan ƙusa, ga ƙafar ƙuda da gashinta tar-tar. Abokinsa ko inuwa babu.

Sai matar ta lalubo tsohuwar wayarta. Akwai hotonsa guda ɗaya da ta taɓa ɗauka a sace, ta ƙi gogewa: dishi-dishi, a karkace, Farfesa ya taso da yatsa a sama, baki a buɗe.

"Me yake cewa a nan?" tela ya tambaya.

"Wai in ajiye wayar, hannuna na rawa."

Tela ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Hoton nan ne yanzu a rataye a falo. Ko gashin hanci ɗaya ba ya ƙirguwa. Amma jiya autar ta hango shi tun daga bakin ƙofa, ta nuna shi da yatsa.

"Ga Baba yana faɗa!"