Rasuwar Gwaggo, Jif ɗin Gidan Alhaji Misbahu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, iyalan Alhaji Misbahu Iliyasu na Zangon Agege suke sanar da 'yan uwa, abokan arziki da abokan sana'a na mayankar Oko-Oba rasuwar jif ɗin gidansu, wadda yara suka laƙaba wa suna Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi a cikin ruwan da ya kwanta a hanyar Oshodi, Alhaji da kansa yana riƙe da sitiyari. Ta rasu ba ta da inshorar da za ta ɗauki nauyinta. Maigidan ne ya nemi a saka wannan tun a farkon sanarwa, domin ya gaji da yadda masu gaisuwa ke ta kewaye-kewaye kafin su jefo tambayar.

Marigayiya ta shigo gidan ne daga Kwatano a zamanin mahaifin Alhaji, marigayi Alhaji Iliyasu mai shanu. Ya saye ta saboda matarsa Hajiya Adama, lokacin da gwiwoyinta suka soma ƙin ɗaukarta, domin ƙofar motar na da faɗi, kujerar gaba kuma tana kwantawa yadda tsohuwa za ta miƙe ƙafa. Da ciwon ajali ya kama dattijon, wasiyyarsa ga ɗansa ba ta da tsawo. Ya ce masa ya kula da uwarsa, ya kula da motar da ke kai ta asibiti. Alhaji Misbahu ya amsa da kuka, kuma har ga Allah da gaske yake a lokacin.

Duk wanda ya zauna da Gwaggo ya san mai haƙuri ce. Baƙa ce doguwa mai faɗin ƙirji, ba ta taɓa zaɓen kaya ba. Ta ɗauki kwandunan tumatir daga Mile 12, ta ɗauki ragon layya a bayanta yana yi mata fitsari, ta kai amaren unguwa gidajensu ba tare da an ba ta ko goro ba. Direbobin danfo, bas-bas ɗin hayar Legas, sun goge ta hagu da dama, ta shanye. Warin ƙiraga da maigidanta ke shigo mata da shi daga mayanka kuwa ta zauna da shi shekara da shekaru. Aibinta ɗaya mita da safe, wadda ita ta jawo mata sunan. In an murɗa makulli sai ta yi ƙyahak, ƙyahak, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, sannan ta ce rrrum, gidan duka ya san gari ya waye. Amma duk ranar Talata, ranar da ake kai Hajiya gashin gwiwa, bugu ɗaya take tashi. Alhaji yakan ce sanyin safiya ne bai kama ta ba, matarsa Zuliha kuma takan ce motar ta fi wasu mutane sanin ya kamata.

Jinyar da ta yi ajalinta daga bakin maigidan ta soma. Marigayi Alhaji Iliyasu yana yi mata cikakkiyar inshora duk shekara, irin wadda ke biya ko gobara ce, ko sata, ko ambaliya. Da wa'adin ta ƙarshe ya gabato, sai Fareeda, 'yar ƙanwar Alhaji Misbahu da ke aiki a wani kamfanin inshora a Ikeja, ta zo har gida ta faɗa masa abin da za a biya. Alhaji ya ji kuɗin, ya yi murmushi irin na wanda ya girma a kara. A kasuwar shanu ba a taɓa sayen bijimi a kan kuɗin farko ba. Sai ka shafa shi, ka kushe tozonsa, ka taya rabi, in an ce albarka ka juya ka kama tafiya a hankali, kunnenka a baya, har mai kaya ya kira ka. Da wannan ilimi Alhaji ya gina gida ya je Makka, don haka bai ga dalilin da zai sa kamfanin inshora ya fi ƙarfinsa ba. Ya taya rabi.

Fareeda ta ce, "Kawu, wannan fa ba saniya ba ce. Kuɗin a rubuce yake, ko oga ɗinmu bai isa ya rage ba."

Ya ce duk mai kaya haka yake faɗa, ya saka takalmi ya fita masallaci.

Daga nan aka shiga zagaye. Ya je wani kamfani a cikin Ikko, ya je wani a Surulere, ya dawo yana auna su a baki kamar mai zaɓen bijimi. Wannan ya fi araha amma babu ruwansa da ambaliya. Wancan yana biyan ambaliya amma sai ka fara cire wani abu daga aljihunka. Na Fareeda ya haɗa komai, shi ya sa ya fi tsada. A ko'ina sai ya kushe kayan, ya taya, ya miƙe ya nufi ƙofa a hankali, kuma a ko'ina mai gadi ne kawai ke yi masa magana, shi ma don ya buɗe masa ƙofa ne. Da abin ya ishe shi ya je wurin limamin unguwa da fatan a ce masa inshora ba ta halatta ba, ya huta. Liman ya ce ai akwai irin ta takaful wadda malamai suka amince da ita, har ya kwatanta masa ofishinsu. Alhaji ya dawo gida da ƙarin farashin da zai gwada.

Ana cikin haka tsohuwar inshorar ta ƙare. Ya yanki ƙaramar nan da ake nuna wa 'yan sanda a hanya, wadda ke gyara motar wanda ka buga ta bar ka da taka, ya ce ta wucin gadi ce kafin ciniki ya faɗa. Fareeda ta yi ta kiransa a waya tana roƙo. Abin tausayi, kiran nata ne ya ƙara masa taurin kai, domin a kara in mai kaya ya fara kiranka to ya kusa sallamawa. Zuliha ta tuna masa damina ta kankama, kuma ya san halin titunan Legas in sama ta buɗe. Ya ce ta bari kamfanonin su ji jiki tukuna.

Ranar da abin zai faru ruwa ya kwana yana zuba. Alhaji ya iso inda titi ya zama tafki, ya ga wata danfo ta kutsa ta fita, ya ce in wannan gwangwanin ya wuce ai Gwaggo ba ta da fargaba. A tsakiyar ruwan ta yi gul, gul, ta yi wata 'yar shessheka da bai taɓa jin irinta ba, sannan ta yi tsit. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya tattare babbar riga ya haye saman motar, yana leƙe ta gilashi yana kallon ruwan kwata na hawa kujerar mahaifiyarsa. Daga can saman ya kira 'yar ƙanwarsa.

"Fareeda, wancan kuɗin da kika faɗa, na saya."

Ta jiyo ƙarar ruwa da ihun 'yan okada ta cikin wayar. Sannan ta ce, "Kawu, ina motar take yanzu?"



An jawo gawar zuwa garejin Baba Wasiu, bakaniken da ya san cikinta tun zuwanta ƙasar nan. Ya buɗe inji, ya duba wayoyi, ya cire hularsa ya faɗa da Yarbanci cewa ta tafi. Ya ce abin da za a kashe a tashe ta ya kusa sayen wata, kuma ko an tashe ta ba za ta sake zama mai amana ba.

Marigayiya ta bar safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da makulli wanda Alhaji har yanzu yakan laluba a aljihu ya danna ba tare da wani abu ya amsa ba. Ta bar yayanta janareto, wanda shi ma jikin sai a hankali. Ta bar yaran gida da suka koma tafiya Islamiyya a ƙasa. Sama da kowa ta bar Hajiya Adama.

Hajiya ba ta yi wa ɗanta faɗa ba, kuma wannan ne ke cinsa. Da aka faɗa mata, tambayarta ɗaya ko ya canza rigar da ta jiƙe. Talatar da ta biyo baya a keke napep aka kai ta asibiti. Sai da mutum uku suka kama kafin a naɗe mata ƙafafu a cusa ta ciki, kuma Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa ya ji nishin da ta yi ƙoƙarin haɗiyewa. Ta dawo ba ta iya taka ƙasa ba, ta kwana biyu a kwance. Ya shiga gaishe ta, ya durƙusa, ya ce Hajiya laifina ne. Ta ce ai ƙarfe ne, ya tashi ya je ya ci abinci. Ya fito yana jin da ma zaginsa ta yi.

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Asabar bayan sallar azahar, daga garejin Baba Wasiu zuwa kasuwar 'yan gwangwan ta Owode, inda za a rarraba sassanta ga mabukata. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya yi bayani. Baballe mai gwangwan, wanda zai karɓi gawar, ya faɗi kuɗinsa na farko yana gyara tsayuwa don doguwar fafatawa, sai ya ji Alhaji ya ce na sallama. Har yanzu Baballe yana tambayar mutane ko lafiya.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, a filin da take kwana. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar kamfanin da ya fi araha, domin mai makokin ya san farashin kowanne a ka. Wanda ke son yi wa iyalan alheri, in Allah ya hore masa mota mai faɗin ƙofa, ya ajiye gaisuwarsa zuwa safiyar Talata, ya zo ya kai Hajiya asibiti. Duk abin da ya ce a biya, za a biya.