Golan da Haladu Ya Sa Aka Kora

Wani mutum ne a unguwarmu ta Bakin Kasuwa a Malumfashi, ana ce masa Haladu Mai Caji. Rumfar cajin waya gare shi a bakin tasha, amma ainihin sana'arsa ita ce gyara wa masu horar da 'yan ƙwallo aikinsu. Tunda nake ban taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba. Ko ta yara ce ta gangaro gabansa, tsallake ta yake yi. Amma fa in ya buɗe baki, ka rantse da shi aka zauna aka yanke faɗin raga.

Ana nan sai ɗan yayarsa Mu'azzam, da ke karatun aikin jinya a Ostireliya, ya aiko masa da tsaraba. Riga ce koriya mai ratsin fari, ga hoton wani tsuntsu mai dogon wuya a ƙirji, ba ta da hannu ko ɗaya. Rigar wata ƙungiya ce wai ita Kulbara. Haladu ya ɗora ta a kan kaftani, don ba ya son a ga hammatarsa, ya fito majalisa yana tafiya ɗai-ɗai.

Muka ce, "Haladu, yau kuma singileti ake ɗorawa a kan kaftani?"

Ya ce, "Rashin sani ne ke damunku. Wannan ta manyan magoya baya ce, mutum goma kacal ake ba wa a shekara. Daga yau na bar muku ƙungiyoyinku na Turai, ku yi ta fama da ci ɗaya da nema."

Kowace Asabar Mu'azzam kan turo masa sakamako a waya, shi kuma ya ɗaga mana mu gani. Kulbara 104, abokan karawa 87. Wani makon 96 da 91. Lambobin dai ga su nan a rubuce, ba ƙarya. Mu kuwa da muke shekara ba mu haɗa ƙwallo ashirin ba, sai mu saki baki.

"Ƙwallo ɗari da huɗu, Haladu? A wasa ɗaya?"

"A wasa ɗaya! Lamba tara ɗinmu kaɗai ya ci arba'in, sha biyu da kai. Na kwana ina kallo a waya, har sai da batir ya yi zafi zau."

Daga nan fa sharhi ya ɓarke. Kocin Kulbara yana da kai, amma yana da taurin kai. Shugaban ƙungiyar mutumin kirki ne, sai dai 'yan kwamiti sun kewaye shi. Lamba shida ya yi ƙiba. Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ya shiga uku a bakin Haladu shi ne golansu, wani wai shi Makintosh.

"Ku duba fa, tamanin da bakwai aka zura masa! Wannan gola ne ko ƙofar gari? Ko buhun gero aka jingine a ragar nan ai zai tare goma."

Wata shida cur yana zagin Makintosh, safe da yamma. Rannan sai ya iso majalisa yana murmushi, ya ce magana ta ƙare, ya rubuta wa shugaban ƙungiya takarda mai zafi, an kori Makintosh.

"Har ya bugo min waya yana kuka. Wai in rufa masa asiri, 'ya'yansa huɗu, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Na ce masa, Makintosh, ƙwallo ba ta san tausayi ba."

Da abin ya tsaya a kan Makintosh, da ni ma dariya zan yi ta yi. To amma ni ne golan ƙungiyar unguwarmu, Guguwar Bakin Kasuwa. Sunana Sabi'u. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a ragar nan, yatsuna biyu sun karkace a cikinta, har yau ba na iya dunƙule hannun hagu. A lokacin kuma an ci mu wasa uku a jere, ga wasan kofi da 'yan Tudun Wada saura mako biyu. Haladu ya ga ƙofa. Ya tafi wurin Alhaji Mudi, uban ƙungiya, wanda ke saya mana riguna da ƙwallaye, ya cika masa kunne.

"Ranka ya daɗe, a ba ni usur ɗin nan. Tsarin Kulbara zan kawo. Ban ce ɗari ba, don yaran ba su saba ba, amma talatin na yi alkawari. Abu na farko, Sabi'u ya koma benci. Cutarsu ɗaya da Makintosh."

Wallahi maganar ta yi min ciwo, har abinci na kasa ci rannan. Shi kuwa Alhaji Mudi mutum ne mai son jin lamba babba. Da ya ji talatin, sai ya aika aka karɓo usur daga hannun Koci Zubairu, malamin firamare da ya shekara takwas yana horar da mu ko ruwan leda ba a saya masa. Koci bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, tunda tsarin nasu za mu ɗauka, a bari mu kalli wasansu ko sau ɗaya, mu ma mu ƙaru." Alhaji ya ce magana ta yi, ranar Asabar a kalla, ana tashi ya damƙa wa Haladu usur a gaban kowa.

Haladu ya ɗan yi tari. "Tashar tasu fa ba ta kamawa a Najeriya."

Iliya mai gidan kallo ya ce, "Ai na samo ta ta intanet. Ƙarfe goma da rabi na safe za a fara, a can dare ya yi."

Kada ku ce Haladu ya tsorata. Shi a lissafinsa ƙwallo ai ƙwallo ce, ko a Ostireliya ko a Ƙafur. Bai taɓa kallon wasan ba, amma me zai gani wanda bakinsa ba zai iya ba?

Ranar Asabar da hantsi gidan kallon Iliya ya cika maƙil, har masu kayan miya sun bar rumfunansu. Haladu ya zauna a bencin gaba kusa da Alhaji, da singiletinsa a kan sabon kaftani. Usur na rataye a yatsan Alhaji yana lilo. Ni ina can baya.

Iliya ya kunna. Sai ga fili, amma ba mai kusurwa huɗu ba, zagayayye kamar faifai.

"Haladu, ya filin haka?"

"Kyamara ce. Daga sama ake ɗauka."

Sai ga 'yan wasa sun fito, ƙarti majiya ƙarfi, kowa da singileti irin ta Haladu sak. Wani daga baya ya ce, "Ashe duka manyan magoya baya ne." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Koci Zubairu yana ƙirgawa da yatsa, ya ce shi fa sha takwas ya gani a kowane ɓangare.

Haladu ya ce, "Da 'yan benci. Yanzu za su fita."

Ba wanda ya fita. Wata ƙara ta tashi, buuu! Alƙali ya cilla ƙwallo sama, sai muka ga ita ma ba ta da lafiya, doguwa ce kamar gwanda. Wani dogo ya daka tsalle ya mare ta da hannu. Wani ya cafke, ya rungume ta, ya zura da gudu.

Haladu bai san lokacin da ya miƙe ba. "Hannu! Alƙali, hannu!"

Alƙali ko a jikinsa. Mai gudun ya dunƙule hannu ya naushi ƙwallon, dum, ta tafi wurin ɗan'uwansa. Wani ya taka gadon bayan abokin karawa, ya hau har kafaɗa, ya cafe ta a sama, suka zube tim! Filin ya ɗauki tafi.

Alhaji Mudi ya juyo a hankali. "Haladu, wannan ƙwallo ake yi ko dambe?"

"Ɗumama jiki ne, ranka ya daɗe. Haka suke farawa."

"Ga agogo can yana tafiya, minti shida."

Gumi ya fara tsattsafo wa Haladu a goshi. Ni kuwa ba abin da nake nema sai raga, don kowa da inda idonsa ke zuwa. Da kyamara ta juya can ƙarshen fili, sai na ga sanduna huɗu dogaye a tsaye. Ba raga, ba sandar sama, ba kowa a gabansu. Na ɗaga murya.

"Haladu, ina golan?"

Nan take ya farfaɗo, kamar an yayyafa wa alayyafo ruwa. "Kun ji ɗan'uwan Makintosh! Ba na gaya muku na sa an kore shi ba? Ba su sami wani ba tukuna."

Kyamara ta koma ɗaya ƙarshen. Can ma wayam.

Koci Zubairu ya ce, "Na waɗancan fa? Shi ma kai ka sa aka kore shi?"

Kafin ya sami amsa, wani daga cikin abokan karawar Kulbara ya ɗirka wa ƙwallon ƙafa daga nesa, fiuu, ta nufi sandunan tsakiya. Sai ga wani bawan Allah a tsaye a bayansu, da hular hana sallah da riga ruwan ɗorawa, kayansa daban da na kowa. Ya ɗan karkace, ya ɗaga kai yana kallon ƙwallon ta wuce ta samansa. Ya tako gaba, ya ƙame, ya nuna yatsa biyu. Sannan ya ɗauko fararen tutoci biyu ya shiga kaɗawa, fil-fil-fil. Lamba ta tashi daga sifili zuwa shida.

Haladu ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

"Ga shi nan! Wallahi shi ne! Makintosh! Ashe 'yan kwamiti sun dawo da shi ta bayan fage! Jama'a, kun ga abin da nake faɗa wata shida? An ci shi shida a bugu ɗaya, ko hannu bai ɗaga ba, kuma har tuta yake kaɗawa yana murna! Maci amana!"

Gidan kallo ya rikice. Wasu har sun fara cewa lallai Haladu ya san abinsa. Na ga Alhaji yana gyaɗa kai, yana warware igiyar usur daga yatsa. Na ce a raina shi ke nan, benci ya kira ni.

Sai wayar Haladu ta yi ƙara. Mu'azzam ne, kiran bidiyo. Haladu ya ɗaga ta sama yana juyawa don kowa ya gani. "Daga filin ne kai tsaye! Iliya, haɗa min da lasifika, a ji yadda nake ba da umarni."

Iliya ya haɗa. Muryar yaro ta cika ɗakin, ga ihun 'yan kallo a bayansa.

"Kawu, ina wuni, au, ina kwana! Yau dai kana kallo?"

"Ina kallo, kuma raina a ɓace yake. Ka je ka gaya wa shugaba, in bai cire golan nan yanzu-yanzu ba, na mayar musu da rigarsu."

"Wane gola, Kawu?"

"Makintosh mana! Mai tuta!"

Mu'azzam ya fashe da dariya har hoton yana rawa. "Kawu, wancan ai alƙali ne, shi ke tabbatar da ƙwallo ta shiga. Wasan nan ba shi da gola sam, tun da aka ƙirƙiro shi. Ba irin ƙwallonmu ba ce, in ta bi ta tsakiya maki shida ne, ta gefe ɗaya. Ranar da na aiko rigar ba na ce bari in yi maka bayani ba, ka ce kai za ka koya min ƙwallo? Wane ne kuma Makintosh?"

Haladu ya shiga laluben inda ake kashe waya, ya danna nan ya danna can, yaro na ta "Kawu? Kawu, kana ji na?" ta lasifika, sai da Iliya ya ji tausayinsa ya zare wayar lasifikar.

Alhaji Mudi bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya saka wa Koci Zubairu usur a tafin hannu. Ya hango ni ya ce, "Sabi'u, gobe da yamma ka zo da safar hannunka." Sannan ya sunkuya ya ɗauki hular Haladu, ya kaɗe ta, ya ɗora masa a ka. Ya girgiza kai cikin jimami, kamar mai ta'aziyya.

"Ni ba kai nake tausayi ba, Haladu. Makintosh nake ji. Bawan Allah ko haihuwarsa ba a yi ba, ka raba shi da aikinsa, ga 'ya'ya huɗu."