Sharhabil da 'Yan Ɗaya ga Janairu

Jikata Samira ce ta fara ba ni labarin nan, ita da ke aikin kati a wani asibitin kuɗi a Doka. Suna da wani mai kula da kwamfuta, Sharhabil, da ke cewa ko injin jirgin sama aka kawo masa zai gyara kafin shayinsa ya huce. Sarkin cika baki, ga tabarau ba ciwon ido.

Sunayen marasa lafiya ne suka yi wa kwamfutar yawa, sun haura dubu ɗari huɗu. In aka buga sunan mutum, sai ta yi ta juya wani ɗan zobe har mai zazzaɓi ya warke a kan benci. Likita mai asibitin ya gaji, ya ce ko Sharhabil ya gyara kafin Juma'a ko ya nemi wani wurin.

"Ranka ya daɗe, Juma'a ta yi nisa," in ji gogan. "Laraba."

Litinin ya kafa mata fanka biyu, wai zafi ke sa ta kasala. Talata ya kawo makeken allo, zoben ya ƙara girma kawai. Samira ta ce masa ai kwamfutar daga farko take bin sunayen ɗaya bayan ɗaya duk sanda aka tambaye ta, a yi mata jadawali mana, yadda ake jera katuna harafi-harafi a durowa. Ya ce ta tsaya a katinta, wannan aikin manya ne.

Laraba da safe ya ƙura wa sunayen ido, sai ya ga mutum dubu casa'in duk an haife su ɗaya ga Janairu. Ya buga tebur. Ya ce ga cutar nan, sunayen bogi ne, wace unguwarzoma ce za ta iya wannan aiki? Ya share su kaf.

Ɗan nan bai san komai ba. Mu da aka haifa ba takarda, in ma'aikaci ya tambaye mu muka ce shekarar agana ce ko ta babban ruwa, ɗaya ga Janairu yake rubuta mana.

Kuma Laraba ce ranar masu hawan jini. Tsofaffi maƙil, daga Unguwar Shanu har Unguwar Dosa. Duk wanda aka buga sunansa, kwamfuta ta juya zobenta son ranta, sannan ta ce babu shi. Wata Hajiya Turai ta ce shekara goma sha biyu tana karɓar magani a nan, yau a ce ba a haife ta ba? Ita ce mahaifiyar Likita.

Likita ya fito ya ce a mayar da su yanzu. Sharhabil ya buga sunansa zai shiga, kwamfuta ta ƙi buɗewa. Ashe ma'aikata ma a jerin suke.

"Kai ma ɗaya ga Janairu ne?" in ji Likita.

"A takarda ne kawai, ranka ya daɗe."

Samira ce ta shiga da nata sunan, ta kwaso sunayen daga kwafin da kwamfutar ta ajiye jiya, ta yi jadawalin. Kafin ka ɗaga yatsa suna ya fito. Ta tambayi Likita ko ta mayar da na Sharhabil.

"Bar wannan," in ji shi. "Ta fi sauri ba shi."

Washegari na ɗauki katina na hau keke mai ƙafa uku har Doka, na sa Samira ta buga sunana a gabana. Sai da na gan shi da idona na koma gida na ɗora tukunya.