Sunan da Ishaku Ya Zo da Shi daga Rasha

"Lafiya lau, sai kewar amaryata," in ji Ishaku, yana tsugune gaban kakarsa Hajiya Mailafiya, wadda ke zaune bisa angarib, gadon igiya, a inuwa tana dakan cittar da za ta sa a gahawar jabana.

Ishaku ya yi shekaru a Rasha yana koyon gyaran tarakta, yanzu yana aiki a gonakin dawa na Doka. Matarsa Dije ta haifi namiji, gobe suna, kuma duk unguwarsu a garin Gadarif an san ba a raɗa suna a gidan nan sai tsohuwa ta gyaɗa kai. Shi kuwa gogan ya riga ya ɗaure kansa da alkawari tun a can, shi ya sa yake ta jan gaisuwa kamar ba zai ƙare ba.

"Amarya ta fi ƙarfinka, mijin da ko turare bai sani ba. Wane suna zan aika wa liman?"

"Afdiye."

"Na ce sunan yaro, ban ce sunan ƙarfen tarakta ba."

"Sunan mutum ne, haboba," ya ce, yadda ake kiran kaka a garin. "Tsohon da na zauna a gidansa. Da ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni, shi ya yi jinyata har na tashi. Ba shi da ɗa, na ce masa in na samu namiji sunansa zai ci."

"Alkawari kaya ne, amma kai ka ɗauka, ba jaririn ba. Mece ce ma'anarsa?"

"Tsohon suna ne. Ko a Rasha ba a cika samun mai shi ba."

"Wato su sun yar, kai ka tsinto. Dama na san ka da tsince-tsince tun kana yawo ba wando."

"Ai shi ya sa na tsince ki."

Ta kai masa duka da mafici, ya goce.

"Asalinsa ma ba nasu ba ne," ya ce. "Sunan wani annabin Bani Isra'ila ne."

"Au, tsohon Bayahude ne?"

"A'a, Girkawa suka kai musu."

"Girkawan da ke da kanti a kasuwa? Har sunaye suke sayarwa?"

"Ba waɗannan ba, kakanninsu. Ta coci ya bi."

"To Kirista ne."

"Ni dai ban taɓa ganin ya je ba. Hukumarsu ma cewa take babu Allah."

Yana rufe baki ya san ya kwafsa. Bayanin da ya kwana yana shiryawa ya dagule masa, har shi kansa ya rasa ta ina sunan ya shigo ta ina ya fita, kuma tsoron karya alkawari ya kama shi da gaske.

"Tsaya," in ji Hajiya. "Suna na Yahudu, dillali Bagirke, mai shi ba coci ba masallaci. Wannan ai lorin zuwa Fau ne, kowa ya hau. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Haba tsohuwar zuma, da ke ake magani."

"Riƙe daɗin bakinka. Ma'ana na tambaye ka."

"Shi dai ya ce mini bawan Allah ke nan."

Hajiya ta ajiye taɓarya, ta dube shi.

"Wato ka keta teku, ka sha ƙanƙara, ka dawo mini da sunan mutumin nan?"

"Wane mutum?"

"Wanda ya haifi ubanka, sakarai."

Sai a lokacin Ishaku ya tuna kakansa marigayi Malam Abdullahi, wanda Hajiya ta zauna da shi har ya koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunya irin ta matan da. Ya sunkuyar da kai, don shi bai taɓa haɗa sunayen biyu ba.

"Kalas, shi ke nan," ta ce. "Liman ya raɗa na mutumin nan. Na Rashan kuma ni zan riƙa kira, tunda bakina ba ya ɗaukar wancan. Ɗauko mini sabon ango, kai na sake ka."

Ya karɓo jaririn daga ɗakin Dije. Hajiya ta daɗe tana duban 'yar fuskar, sannan ta kira a hankali.

"Afdiye."

"Haboba, yau kin kama sunan miji da rana tsaka. Ina kunyar?"

Ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Da Rashanci na kira, ja'iri. Malam bai iya ba."