An Cire Mini Ciki

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwar mijina a unguwar Dukawuya ba, ko da kuwa zan manta sunana. Har yau idan na tuna sai na ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Ni dai tun ina 'yar firamare nake da jiki. Da na yi aure abin ya ƙaru, har ya kai in na hau bene zuwa ajin da nake koyarwa, sai na tsaya a ƙofa na gama haki kafin in iya amsa gaisuwar ɗalibai. Babu shayin rage ƙiba da ban sha ba. Na yi tattakin safe na kwana huɗu (a na biyar na tsaya wurin mai ƙosai, daga nan tattakin ya ƙare). Sai ga ciwon suga, ga hawan jini, ga shekara shida da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Likita ya zaunar da mu ni da maigidana, ya ce akwai tiyatar da ake yanke mafi yawan tumbin mutum a bar ɗan siriri, yadda loma kaɗan za ta ƙosar da shi. Bai ɓoye mana haɗarinta ba, ya kuma ce cin abincina ya canza ke nan har abada. Na yi kuka, na yi istihara, na amince.

Amma na roƙi maigidan kada kowa ya ji, har mahaifiyarsa, Hajiya. Matar nan ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba, ko da wasa. Kunya ce kawai ta hana ni, kada a ce ci ya yi mini yawa har sai da aka sa wuƙa. Muka ce na tafi bita Abuja.

Wata uku bayan aikin aka yi bikin. Na rame, ankon da aka ɗinka mini sai da tela ya rage shi sau biyu. Tsakar gida cike da mata, masu kiɗan ƙwarya suna ta yi, aka ajiye mini waina da miyan taushe. Na ci rabin guda ɗaya na ture kwanon. Gwaggo, yayar mahaifin maigidana, tana kusa da ni, ita kuwa kunnenta ya yi nauyi amma idonta ba ya kuskure.

"Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Kin zube kamar an tsame ki daga rijiya. Me ke damunki?"

Na ce babu komai. Ta ce ba ta yarda ba, ko dai ɗan nasu ne ba ya ba ni abinci? Na ga za a shafa wa bawan Allah laifi, sai na yanke shawarar in faɗa mata a hankali. To amma kalmar ce ta tsaya mini a wuya. Tumbi fa! Abin da ake saya wurin mahauta a yi farfesu. Ina malamar makaranta, cikin leshi da gwagwaro, in ce tumbina? Sai na nemo wadda ta fi ladabi.

"Aiki aka yi mini, Gwaggo. An cire mini ciki."

"Me? Ɗaga murya!"

Na ɗaga. Daidai lokacin masu kiɗa suka tsaya shan ruwa.

"Na ce an cire mini ciki!"

Gidan ya yi tsit. Wata ta saki salati. Na juya, sai ga Hajiya tsaye da tiren alkaki a hannu, tana kallona. A nan ne na gane abin da suka ji: matar da aka shekara shida ana jiran ta haihu, ta samu juna biyu ta je ta zubar. Maimakon in nutsu, sai bakina ya ci gaba da aiki ba da izinina ba.

"A'a, ba duka aka cire ba, an bar kaɗan!"

Gwaggo ta dafe ƙirji. "An bar kaɗan? Innalillahi!"

"Wallahi da saninsa aka yi, shi ma ya sa hannu a takardar!"

(Kun ga ke nan na jawo mijina cikin ramin da na haƙa.) Da na ga hawaye a idon Hajiya, sai na watsar da ladabin gaba ɗaya, na miƙe tsaye na ce da ƙarfi, "Tumbi! Tumbina aka yanke, irin na kayan ciki, saboda ƙiba da suga!"

Dariyar da aka yi, ina jin har unguwar Kabuga an ji ta. Hajiya kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ajiye tiren ta ce, "Biyo ni." A ɗakinta na durƙusa ina jiran faɗa. Sai ta ce:

"Wato an kwantar da ke, an gusar miki da hankali, an sa miki wuƙa, ni kuma ina nan ina ce wa mutane kina bita. Ko addu'a ba ki bari na yi miki ba. Da ba ki farka ba fa? Jika Allah ke bayarwa, in Ya so. Ke kuwa ina da ke a hannu."

Wannan maganar ta fi dariyar tsakar gida yi mini ciwo, kuma ita ce ta sa ni kukan da ya wanke kwalliyata tas. Na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma daga ranar duk zuwa asibiti ƙafarta ƙafata. Haka kuwa aka yi. Ta fi likitan tsanani, ko lemon kwalba ta gani a hannuna sai ta ƙwace.

Na dai koyi darasi: abu in sunansa tumbi, to a ce masa tumbi. Na gudu kada mutum ɗaya ya ji, na ƙare da sanar da unguwa guda da bakina, a tsaye.