Rantsuwar da Bushiya Ta Ƙi Yi

A Kurmin Gwaska doka ɗaya ce kowa ya haddace: ba a rufe tafki sai da bakin sarki. Zaki ne sarki, Kure waziri, Hankaka kuma liman, saboda farin da ke ƙirjinsa, wanda ake zaton har zuciya ya kai. Mai maganin fada Bushiya ce, tsohuwa mai ƙarancin magana.

Da bazara ta yi tsanani sai sarki ya daina fitowa, amma umarninsa bai daina ba. Kullum Kure zai shiga kogo ya fito da sabo. Na ƙarshe shi ne an rufe babban tafki ga duk wanda ba shi da fiƙa ko girman jiki. Ƙananan dabbobi suka koma shan wani kududdufi mai wari, gudawa ta shiga 'ya'yansu. A mako guda Barewa ta binne biyu.

Da gunaguni ya yi yawa sai aka kira majalisa a gindin kuka.

Kure ya miƙe ya ce, "Jama'a, sarki yana gaishe ku. Lafiyarsa ƙalau, halwa ya shiga yana yi muku addu'a. Ga mai maganinsa nan, za ta rantse a gabanku, kowa ya kama bakinsa."

Liman Hankaka ya gyara murya. "Sirrin majinyaci amana ne. Asirin shugaba kuwa asirin ƙasa ne, wanda ya rufa shi Allah zai rufa nasa. Malamai sun halatta maganar da za ta kashe wutar fitina, ko da ba haka abin yake ba. Rantse, baiwar Allah, babu zunubi a kanki."

Bushiya ta fito tsakiyar fili a hankali. Ta daɗe tana kallon ƙasa, domin shekara ashirin tana shiga kogon nan, ba ta taɓa fitar da ko tarin sarki waje ba.

Ta ce, "Allah gafarta malam, na ji amanar majinyaci ɗaya. Su kuma talatin ɗin da na wanke wa gudawa har suka mutu a hannuna, amanar wa ce?"

"Ƙaddara ce," in ji liman.

"Ƙaddarar ce ta sa kuraye gadi a bakin tafki?"

Kure ya daka mata tsawa. "Rantsuwa aka ce ki yi, ba wa'azi ba!"

"To ga rantsuwata, ranka ya daɗe. Wallahi yau kwana arba'in sarki bai furta kalma ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake ɗiga masa ruwa a baki, bai ma san wanda ke tsaye a kansa ba. Da cutar tasa ce shi kaɗai, da na mutu da ita a cikina. Amma ana kashe 'ya'yan jama'a da sunansa, kuma ana so in sa Allah a kai."

 Barewa ta ratso taron, ta fuskanci liman.

"Malam, kai ka yi wa 'ya'yana addu'a da aka rufe su. Ka ce min in yi haƙuri, hukuncin sarki daga Allah yake. Ka san bakin wa ya fito?"

Hankaka bai dube ta ba. Ya ce, "Mai baƙin ciki ba a kama ta da laifin harshe." Sannan ya juya ga manyan dabbobi, waɗanda ba su taɓa rasa ruwa ba. "Abin da ke gabanmu ba tafki ba ne. Mai magani ta ci amana a bainar jama'a. In aka ƙyale ta, gobe ciwon wa za ta tona? Naki, Damisa? Ko naki, Ɓauna?"

Kowannensu akwai abin da Bushiya ta sani a jikinsa. Hannuwa suka tashi tun kafin a tambaya. Aka yanke a kore ta daga kurmin kafin rana ta faɗi. Aka naɗa Hawainiya a madadinta, ita kuwa ta rantse nan take, ba ta ko leƙa kogon ba.

Bushiya ta nemi alfarma ɗaya: a riƙa juya sarki sau uku a yini, kada gefensa ya yi gyambo. Babu wanda ya saurare ta.

Bayan kwana shida ungulaye suka fara shawagi a saman kogo. Ranar ce Kure ya fito da sabon umarni: sarki ya yaba wa majalisa, ya kuma rufe kududdufin, saboda yana cutar da talakawansa.